Filin Tambaya da Amsa: An gayyace ni farautar barewa da baka mai kunama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, wani abokin aikina bature ya matsa lallai sai na bi shi gonar mahaifinsa farkon Nuwamba mu harbi barewa, wai da wani baka ne mai kama da bindiga. Me ya sa sai Nuwamba, kuma naman ya halatta gare ni? Daga mai karatunku a Ohio.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka je mana, amma ka tafi da shiri.

Bakan da yake nufi a kwance yake kan gindi irin na bindiga, ka ja tsarkiya ta maƙale, ka ɗora gajeriyar kibiya, sai ka saita ka ja kunama. Ohio ta halatta farauta da shi tun 1976, wasu jihohin kamar Wisconsin ba su buɗe wa kowa da kowa ba sai 2014. Kibiyarsa kan yi gudun ƙafa 300 zuwa 400 a daƙiƙa, kuma nan ne sabon hannu ke ruɗuwa ya ɗauka bindiga ce ya riƙe. Kibiya ce dai, da ta yi nisa sai ta fara sunkuyawa, ga shi barewa na jin ƙarar tsarkiya ta zabura. Kar ka wuce yadi 30 ko 40, don Allah.

Batun Nuwamba kuma lokacin barbarar barewa ne. Idan kaka ta yi yini ya fara gajarta sai jikinsu ya motsa, mace kan karɓi namiji na kusan kwana ɗaya tak, in ba ta ɗauka ba sai bayan kamar kwana 28, shi ya sa kishimi, wato namijin barewa, da duk shekara ba ya yarda a gan shi da rana zai fito tsakar gona yana bin sawun mata, ba ci ba hutu har ya rame, yana goga ƙaho a jikin itace yana tone ƙasa ya yi fitsari a wurin don a san yana nan. An girbe masara da waken soya, matan na fitowa kalar abin da ya zube, mazan na biye da su. Manoma kuwa murna suke a rage musu su saboda ɓarna, kuma a watan nan ne motoci suka fi karo da barewa a titi.

Za a ɗora ka kan kujera a bisa itace, ƙafa 15 zuwa 20, a bakin gona inda daji ya haɗu da fili. Ɗaura bel ɗin kariya tun daga ƙasa. Ka zauna inda iska ba za ta kai musu warinka ba, hancinsu ya fi idonsu aiki nesa ba kusa ba, turare kam a bar shi a gida. Sanyin asuba ma ba na wasa ba ne. Kuma ka kiyaye yatsunka daga hanyar tsarkiya, tana iya datse babban yatsa.

Kafin nan sai ka sayi lasisi da famit na barewa, ka riƙe rubutaccen izinin mai gona, a Ohio doka ce, kuma namiji mai ƙaho ɗaya kawai aka yarda maka a kakar farauta guda.

Naman kuwa, hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya warware mana. Ka yi bismillah lokacin sakin kibiya, in kaifinta ne ya huda dabbar ta mutu kafin ka iso to ka ci, in ka same ta da sauran rai sai ka yanka, saboda haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugunka. Abin da ya fi damuna shi ne harbin gaggawa, a soki dabba a ciki ta je ta kwana tana wahala a cikin ciyawa. Jira ta ba ka gefe, saita bayan kafaɗa inda huhu yake, bayan harbi ka dakata kamar rabin awa kafin ka sauko ka bi jini. Sati biyu kafin tafiyar ka roƙi abokin naka ya ara maka bakan ka riƙa gwaji kullum a yadi 20 da 30.