Masar ko Turkiyya: ina baƙo ya fi samun sauƙin zirga-zirga?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana so ka fita da Hajiya, mahaifiyarka, na kamar mako biyu, ta ga likita ta kuma ɗan huta, zaɓinka ya tsaya tsakanin Masar da Turkiyya, kuma abin da ya fi damun ka shi ne hawa da sauka tunda tana fama da gwiwa. Allah ya ba ta lafiya. Maganar likita ba fagena ba ce, amma ta hanya ina da abin cewa. Na yi wata huɗu a Alƙahira, Istanbul kuwa zuwana uku, ɗaya daga ciki tare da gwaggona, wadda ita ma sai da sanda take tafiya.

Da kai kaɗai ne da jakarka a kafaɗa, da ban ja zancen ba, sai in ce maka Turkiyya. A Istanbul kati ɗaya ne, Istanbulkart, ka saya a na'ura a tasha ka zuba masa kuɗi, shi ke nan. Da shi za ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, da shi za ka hau bas, da taram, wato jirgin nan da ke bin tsakiyar titi, har jirgin fito. Babu ciniki, babu neman canji. Layin taram na T1 kuwa kamar don baƙo aka shimfiɗa shi: ya taso daga Kabatash, ya bi ta Eminonu, Sultan Ahmad inda Aya Sofiya take, babbar kasuwa, Laleli ta 'yan tufafi, Aksaray, ya miƙe har Bagjilar. Ƙofarsa daidai take da dandamalin tasha, tsohuwa ba sai ta ɗaga ƙafa ba. In kana son tsallakawa ɓangaren Asiya, ga jirgin ƙasa na Marmaray da aka buɗe a 2013, yana bi ta ƙarƙashin ruwan Bosforus, kafin ka gama gyara zama kun iso Uskudar. Ni dai na fi son jirgin fito, ko da ya fi jinkiri. Akwai wurin zama, ga iska, gwaggo ma a nan kaɗai ta daina ƙorafi.

To amma ga abin da taswirar waya ba ta gaya maka: garin a kan tuddai yake. Na kama mana masauki da na ga mita 400 ne kawai daga tashar taram, na ce wannan ai tafiyar minti biyar ce. Ashe mita 400 ɗin duk hawa ne, kan titin da aka jera da duwatsu. Sau uku gwaggo tana zama a dokin ƙofar shagunan mutane tana mai da numfashi, a na ukun wani mai shago ya fito mata da kujera. Kwana biyu muka yi muka tashi. Wannan hawan ba yau ya fara damun mutanen garin ba, shi ya sa tun 1875 suka haƙa ɗan gajeren jirgin nan, Tunel, daga Karakoy zuwa saman tudu. Saboda haka kafin ka biya kuɗin ɗaki, tambayi masu masaukin ƙarara ko akwai hawa tsakaninsu da tasha.

Tashoshin ƙarƙashin ƙasa akwai lifta da matakala mai tafiya da kanta, sai dai wasu suna da zurfi ƙwarai, kuma sauya layi kan zama doguwar tafiya a ƙafa. Metrobus, bas ɗin nan mai hanyarsa ta daban da ke aiki dare da rana, kada ma ka kai Hajiya wurin da safe ko da yamma, matsin ya fi ƙarfin tsoho. In ka ce to bari mu koma tasi, a nan ne Istanbul ta fi ba ni haushi. Lokacin tashi daga aiki ba ta samuwa, wani direban kuma da ya ji wurin da za ka ba nisa sai ya girgiza kai ya ja motarsa. Sabon filin jirginsu ma, wanda aka koma a 2019, yana da nisa da tsakiyar gari. An kai masa layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M11 a 2023, amma mai kaya da tsohuwa gara ya hau bas ɗin Havaist ya sauka Taksim ko Aksaray.

Alƙahira lissafinta daban ne. Su ma suna da jirgin ƙarƙashin ƙasa, su ne ma na farko a Afirka, tun 1987, layi uku ne ke aiki. Yana da sauri, yana da araha, kuma akwai taragun mata zalla a tsakiyar kowane jirgi, abin da na yaba ƙwarai. Amma layi na ɗaya da na biyu sun kwana biyu, matakala ce ta fi yawa, kuma in ka shiga tashar Shuhada ko ta Sadat lokacin da ma'aikata suka taso, jama'a ce za ta ɗauke ka ta shigar da kai, ita ce kuma za ta fito da kai. Layi na uku ne sabo, mai sanyi da lifta. Babu kuma layin da ya shiga filin jirgin sama.

Abin hawan talaka na gaskiya a can shi ne ƙaramar bas, maikurobas. Ba ta da allo, ba ta da jadawali. Direba ya leƙo yana ta "Ramsis, Ramsis!", mutane a bakin titi suna yi masa alama da yatsu, kowace unguwa da tata alamar. Ka zauna a baya, ka taɓa kafaɗar na gabanka ka miƙa kuɗi, ya miƙa wa na gaba, har su isa hannun direba yana tuƙi yana lissafi, canjinka ya biyo hanyar ya dawo maka cif. Ban taɓa ganin ya ɓace ba. In za ka sauka ka ce "ala gamb ya usta", wato a gefe, maigida. Na ji daɗinta bayan na saba, amma sai da na yi wata guda ina sauka inda ban nufa ba. Wannan ba motar Hajiya ba ce.

To me ya sa ban kore Masar ba? Saboda motar haya ta waya. Uber da Careem da inDrive duk suna aiki, motoci sun wadata, kuma kuɗin bai kai na Istanbul ba ko kusa. Za a ɗauke ku a ƙofar masauki a ajiye ku a ƙofar asibiti, Hajiya ba ta taka matakala ko ɗaya ba, garin kuma shimfiɗe yake a bakin Nilu. Lambar motocinsu da haruffa da alƙaluman Larabci take, wanda ya iya karanta su ya huta, wanda bai iya ba ya koya kafin ya taso, in ba haka ba zai tsaya yana leƙa kowace farar mota. Ɗan Larabcin da kake da shi zai yi maka rana, ko da nasu ya sha bamban da na littafi. A Turkiyya kuwa da ka bar unguwannin baƙi, kai da direba sai nuni da hannu.

Kuɗin da ka rage, da lokaci za ka biya shi. Gadar 6 ga Oktoba ta kai kilomita 20, an gama ta a 1996 don ta rage cunkoso, amma na taɓa yin fiye da awa ɗaya a kanta muna jan ciki, oda ta ko'ina kamar ana biki. Mafi wuya kuma shi ne tsallaka titi. Fitilar ba da hannu ba ta da yawa, mota ba ta tsayawa don ta gan ka, sai dai ta kauce maka. Dabarar ita ce ka raɓa da ɗan gari, ya taka ka taka, kada ka ruga kada ka ja da baya. Saurayi zai koya cikin kwana uku. Tsohuwa mai ciwon gwiwa kuwa, ko gidan da za ku yana tsallaken titi, sa direba ya zagayo ya ajiye ku a ɓangarenku. Juma'a da safe tituna fayau suke, in za ku ga dala a Giza ranar za ku je.

Fita wajen babban birni, nan ma Turkiyya ce gaba. Jirgin ƙasansu mai sauri yana haɗa Istanbul da Ankara tun 2014, awa huɗu da wani abu, akwai kuma na Konya. Manyan bas-bas ɗinsu masu tsabta ne, ana raba shayi a hanya, kuma wajen sayar da tikiti ba a haɗa mace da namijin da ba nata ba a kujera ɗaya. A Masar jirgi daga tashar Ramsis zuwa Iskandariyya bai wuce awa uku ba in ka sami mai kyau, akwai kuma na kwana zuwa Luksor da Aswan, sai dai kuɗin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa. Sun gina sababbin tituna da gadoji da yawa a 'yan shekarun nan, ba a musu. Duk da haka ban ba ka shawarar ka karɓi mota ka tuƙa da kanka ba, balle da dare.

Don haka ka auna Hajiya, kai ka san ta. In tana iya tafiyar minti goma ba tare da ta nemi wurin zama ba, ku tafi Istanbul, ka kama ɗaki dab da tashar T1 a inda ba tudu. In ko daga ɗaki zuwa mota ma sai an riƙe ta, Alƙahira ta fi muku, da sharaɗin masaukinku ya kasance ɓangaren kogi ɗaya da asibitin, don kada ku riƙa hawa gada kullum. Faɗa mini unguwar da asibitin yake a kowane garin, in na san wurin sai in gaya maka inda ya kamata ku sauka.