Kwamfutata tana nuna shuɗin allo ta mutu, daga ina zan fara bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Jekadafari, cikin garin Gombe. Tun da na sa wa kwamfutata mai Windows 10 ƙaramar na'urar Wi-Fi ta USB, takan nuna shuɗin allo ta sake tashi ina tsakiyar aikin mutane. Mai gyara ya ce a goge komai a sake zuba Windows. Hakan ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar gogewa, domin gogewar za ta shafe shaidar da za ta nuna maka tushen matsalar. Shuɗin allo yana fitowa ne idan kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke kula da RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita) da sauran na'urori, ya gamu da kuskuren da ci gaba da aiki a kansa zai iya lalata bayanai, sai ya tsayar da komai da gangan.

Da zarar allon ya bayyana, ka ɗauki hotonsa da waya, saboda a ƙasansa akwai sunan kuskuren, kamar IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL ko MEMORY_MANAGEMENT. Bayan haka Windows takan ajiye ɗan fayil a C:\Windows\Minidump. Ka sauke manhajar WinDbg, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta, ka buɗe fayil ɗin da ita, ka rubuta !analyze -v, sannan ka duba layin IMAGE_NAME. Idan sunan direban na'urar Wi-Fi ɗinka ya fito a nan, mai ƙarewa da .sys, to ka kama bakin zaren (direba ƙaramar manhaja ce da ke haɗa na'ura da Windows). Amma idan ntoskrnl.exe, wato fayil ɗin kanel, ka gani, kada ka ɗora masa laifi, domin sau da yawa wani direba ne ya ɓata ƙwaƙwalwar tun da farko, shi kuwa kanel ya zo ya tarar da ɓarnar.

Ni dai direban nan nake zargi, tunda matsalar ta fara ne da zuwan na'urar, kuma irin waɗannan direbobi a cikin kanel suke aiki. Duniya ta ga irin haka ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da gurɓataccen sabuntawa daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5. Ka cire na'urar da direbanta, ka yi aiki kwana biyu ka gani.

Idan kuwa sunan kuskuren yana canzawa kowane lokaci, sai a koma kan ƙarfen kansa, wato kayan cikin kwamfutar. Ƙurar hunturu takan toshe fanka, ga zafin Gombe a watan Maris da Afrilu, ga hawa da saukar wutar janareta. Ka sa a hure ƙurar, ka gwada RAM da manhajar MemTest86 har ya kwana yana aiki. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, kuma kafin ka taɓa komai ka kwashe takardun mutane zuwa filasha.