Tambaya da amsa: Dangi sun ce aure ne maganin farfaɗiyar 'yata

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce daga Gusau, ina da 'ya shekararta 17, tana da farfaɗiya tun tana ƙarama kuma fahimtarta ba ta kai ta sa'o'inta ba, firamare ma da ƙyar ta gama. Tana shan maganin asibiti, ciwon ya lafa sosai. Yanzu babanta ya rasu, ƙannensa sun matsa min wai a aurar da ita ciwon zai tafi, har an samu wani dattijo yana so amma ba a gaya mishi komai ba. Ni kuma abin da yake hana ni bacci shi ne in na mutu wa zai riƙe min ita. Dan Allah ki ban shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ke kuma Allah ya ba ki ladan wannan rainon.

Aure ba ya maganin farfaɗiya. Ba ya maganin jinkirin fahimta. Wallahi na gaji da jin wannan maganar, kusan kullum sai an zo min da ita, wai jini ne ya yi mata yawa, wai namijin dare ne ya aure ta in ta samu miji zai sake ta, kuma masu faɗa ba su taɓa kwana da yarinyar a asibiti ba. Ciwon nan a ƙwaƙwalwa yake, saƙonnin da ke gudana a cikinta ne suke rikicewa na ɗan lokaci, me ya haɗa wannan da ɗaurin aure? Abin da ya sa ciwon 'yarki ya lafa shi ne ƙwayar da take sha kullum a kan lokaci, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in suna samun magani yadda ya kamata.

To ki duba yadda irin wannan auren yake tafiya. An ɓoye wa miji, kenan dole a ɓoye magani, yarinya ta sha yau gobe ta manta, jibi ya ƙare ba mai sayo mata tunda ba wanda ya san tana sha. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya kuwa yana jawo ciwon ya taso da ƙarfi ya ƙi sauka, wanda in ya wuce minti 5 rai ake magana. Ga rashin bacci, ga fargabar sabon gida, duk abubuwan da ke tayar da ciwon ne, ga girki a murhu ita kaɗai, mu da muke aiki da masu irin wannan ciwon mun san yadda ƙunar wuta take a hannun masu farfaɗiya. Ranar da ta fara faɗuwa a tsakar gida kishiya da 'yan uwan miji za su watse su bar ta saboda wata ƙaryar kuma, wai yawun yana yaɗa ciwon, daga nan sai a ce aljanu ne a kwashe ta sai wajen mai hayaƙi da bulala. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019 ba, mutane cikin sarƙa, iyayensu ne suka kai su da sunan gyara. Ban hana kowa addu'a ba, a yi addu'a a sha magani, amma duk wanda ya ce ki ajiye ƙwayar asibiti kafin nashi ya yi aiki ki tashi ki bar mishi wajen.

Sannan ciki. Wannan ne baffannin nata ba su lissafa ba. Akwai maganin farfaɗiya mai suna sodiyam balfurowet da yake iya nakasa jariri tun yana ciki, akwai kuma irin su kabamazafin da fenobabiton da suke rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Mace mai farfaɗiya tana haihuwa lafiya lau, amma likita ne yake tsara mata tun kafin cikin ya shiga, ya canja magani in da buƙata ya ɗora ta a kan folik asid, ƙwayar bitamin da ake ba masu ciki. Wa zai kai ta wajen likitan in mijin bai ma san da ciwon ba? Ƙarshenta ta dawo miki da takarda da goyo, kin ga maimakon mutum ɗaya yanzu biyu kike tunanin wa zai riƙe. Kuma ɓoye wa mai neman aure lalura irin wannan ha'inci ne, su tambayi kowane malamin fiƙihu.

Ban ce 'yarki ba za ta yi aure ba har abada. In ta ƙara hankali, ta gane mene ne auren, ita da bakinta ta ce tana so, mijin ya san komai ya je asibiti da ku ya ji da kunnensa, Allah ya sanya alheri. Amma yanzu aikin da ke gabanki daban ne.

Ki fara sakar mata ragamar kanta a hankali, dan iyaye da yawa tausayi ne yake sa su yi wa yaro komai har ya kai 25 bai iya ƙirga canji ba. Maganinta ta riƙa ɗauka da kanta kina kallo, ki haɗa mata shi da sallar asuba da isha'i ko yadda likita ya tsara dan kar ta manta. Ta iya kula da kanta lokacin al'ada, ta san kuɗi, ta haddace lambar wayarki. Ki samo mata sana'ar da ba wuta ba rijiya ba hawa sama, ɗinkin hula, saƙa, ƙulla kayan miya, kiwon kaji, abu ɗaya a maimaita mata har ya zauna, kuma kuɗin ya shiga hannunta. Ki koya mata a fili, ba kunya, inda ba a taɓa mata a jiki, kuma in an taɓa ke za ta faɗa wa ko waye, dan yara irin ta su mugaye suka fi hari kuma sau da yawa na gida ne. 'Yan gidan su ma su koyi abin yi in ta faɗi, a kwantar da ita ta gefe a janye abin da zai ji mata ciwo, ba cokali a baki ba ɗura ruwa.

Maganar wa zai riƙe ta kuwa, kar ki bar shi a "ai dangi suna nan". Ki zaɓi mutum ɗaya da kika yarda da amanarsa, ko yayarta ko ƙanwarki, ki tambaye shi ya amsa da bakinsa, ta fara zuwa tana kwana biyu a gidan tun kina raye. Rabonta na gadon babanta nata ne, lalura ba ta rage mata ko sisi, a fitar a rubuta a gaban shaidu, in da hali a gaban alƙali, a san wanda yake juya mata shi. Ki yi mata katin NIN, ki adana katin asibitinta da sunan maganin a rubuce. Akwai dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, an ma kafa musu hukuma a 2020, sai dai abin takaici ki je ofis ki tambaya a yi ta miƙa ki daga tebur zuwa tebur. Ki nema dan haƙƙinta ne, amma kar ki jingina rayuwarta a kai.

Baffannin kuma ba sai kin yi sa-in-sa da su ba, ke kaɗai ba za su ji ba. Ranar da za ku koma asibiti ki roƙi babbansu ya raka ku, ki tambayi likitan a gabansa ko aure yana maganin ciwon da kuma abin da zai faru in ta samu ciki a kan maganin da take sha yanzu.