Fabrica: yadi ko masana'anta?

Tambaya: Malam, ina koyon Jamusanci, sai na ga Fabrik na nufin masana'anta, alhali fabric a Turanci yadi ne. Kuskure ne?

Amsa: Babu kuskure, 'yar'uwa, uwarsu ɗaya. A harshen Latin, faber shi ne mai sana'ar hannu, maƙeri ko kafinta, fabrica kuwa wurin aikinsa. Jamusawa, Sifaniyawa da Italiyawa sun riƙe ma'anar wurin: Fabrik, fábrica, fabbrica. Turawan Ingila suka bi abin da aka yi, da farko gini, daga baya saƙa.

Kalmar da ta fi burge ni ita ce forge ta Turanci, wato maƙera. Ita ma fabrica ce, bakin Faransawa ne ya tauna ta har kamanninta suka ɓace.