Amsa ga ɗan'uwan da banki ya rage wa iyakar katin bashinsa

Assalamu alaikum ƙanena. Tun da asuba na ga tambayarka ina kan hanya, sai yanzu na ajiye mota na samu zama. Ka ce iyakar katinka dala 5,000 ce, ana bin ka 2,300, sai banki ya mayar da ita 2,500 ba sallama. Ba ka sani ba ka sayi tayoyi na dala 300, ka zarce, suka ɗora maka tara. Kana tambaya ko suna da hurumin yin haka, kuma ko ka rufe katin ka huta.

Kada ka rufe tukuna. Bari in fara ba ka labarin nawa, don ka san ba a bakin wani na ji ba.

Farkon 2009 ne, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Na shiga wani shagon kayan abinci na mutanenmu a Bronx da ke birnin New York, na ɗora buhun shinkafa da man gyaɗa da madarar yara a kan kanta, bayana layi ya kai mutum shida. Yarinyar ta goga kati, ya ƙi. Ta shafa shi a rigarta ta sake gogawa, ya ƙi. Wata dattijuwa 'yar Kumasi da ke bayana ta ce, "Alhaji, in biya maka ne?" Wallahi gumi na yi cikin sanyin Fabrairu. Na ajiye shinkafar, na biya madara da 'yan canjin aljihuna. Da na kira banki a mota sai aka ce ai an rage iyakar tun makon jiya, takarda na hanya. Ni da ban taɓa makara da biya ba ko sau ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Na matse na biya dala 1,000 don in samu sarari, wata na kamawa suka sake zaftare iyakar da kusan adadin da na biya. Ina sauka suna biyo ni. Kuɗin ruwa ya hau, na ɗan haura sabuwar iyakar, aka buga mini tarar dala 39, wata mai zuwa aka sake. A lokacin ba mu da bakin magana.

Kai kuwa kana da shi. A watan Mayu na 2009 Obama ya sa hannu a dokar katunan bashi da ake kira CARD Act, yawancin tanade-tanadenta suka fara aiki a Fabrairun 2010. Dokar ba ta hana banki rage iyaka ba, wannan kam ka haƙura. Kuɗinsu ne, kuma a yarjejeniyar da muke danna "na amince" ba mu karanta ba sun rubuta cewa za su iya ragewa duk sa'ad da suka ga dama. Zanen aro ba ya rufe katara. Amma tara maganarta daban, nan ne za ka tsaya da ƙafarka.

Banki ba shi da ikon cin ka tarar zarce iyaka sai in kai da kanka ka taɓa yarda a riƙa barin cinikinka ya wuce ko da ya haura iyaka. In ba ka yarda ba, ko dai su ƙi cinikin a wurin biya, ko su bar shi ya wuce ba tare da tara ba. Shi ya sa ma bankuna da yawa suka daina karɓar wannan tarar gaba ɗaya. To ka tambaye su kai tsaye: yaushe na yarda, ta wace hanya, ku nuna mini. Wani lokaci mutum ya danna abin tun ranar buɗe kati ya manta. In haka ne, ka ce ka janye daga yau, kana da wannan damar kowane lokaci.

Ko da ka yarda ɗin, ga wadda ta fi dacewa da matsalarka. In rage iyakar ne kaɗai ya sa ka zarce, ba za su ci ka tara ko su ɗaga maka kuɗin ruwa na horo ba sai sun sanar da kai ragin da aƙalla kwana 45. Sanarwar na iya zama a rubuce ko da baki, don haka ka tone imel ɗinka har cikin kwandon shara, ka duba saƙonnin cikin manhajar bankin da envulan da ka jibge ba ka buɗe ba. Dukkanmu muna da irin wannan tarin a kan firji. Lissafinka a bayyane yake: 2,600 bai kai tsohuwar iyaka ba ko kusa. In tsakanin sanarwa da tarar bai cika kwana 45 ba, kuɗinka ne su dawo da shi.

Akwai sauran ƙananan ƙa'idoji. Tarar ba za ta fi abin da ka zarce da shi ba, in dala 10 ka haura to ba ta wuce 10. Sau ɗaya ake cin ta a zagayen wata guda. Kuma in kuɗin ruwa ko cajin bankin na wannan watan ne suka tura ka sama, ba abin da ka saya ba, babu tara. Sai dai duk wannan na katin mutum ne na ƙashin kansa. Masu katin kasuwanci, irin wanda direbobinmu ke buɗewa da sunan kamfaninsu, wannan dokar ba ta rufe su ba, su karanta yarjejeniyarsu.

In za ka kira, kada ka kira cikin fushi. Wanda zai ɗauka ma'aikaci ne, ba shi ya rage maka ba, kwamfuta ce ta yi lissafinta. Ka sa takarda da biro a gabanka, ka rubuta rana da lokaci da lambar koken. In ya ce ba zai iya ba, ka nemi na gaba da shi. In suka yi ta yawo da kai, ka rubuta musu takardar jayayya kafin kwana 60 daga ranar da suka aiko bayanin watan da tarar ta fito a ciki, sannan ka kai ƙara hukumar kare masu mu'amala da bankuna, CFPB, ta shafinta. A gogewata, tara ta farko sukan yafe tun kafin a kai nan, musamman ga wanda ba ya makara.

Ka kuma nemi dalilin ragin. Yawanci doka ta wajabta su faɗa maka, kuma in da rahoton kiredit ɗinka suka yi aiki, wato tarihin basussukanka da yadda kake biyan su, za su ambaci kamfanin da ya ba su, ko Experian ko Equifax ko TransUnion, kana da kwana 60 ka karɓi kwafi kyauta. Karɓa ka karanta layi-layi. Mu masu suna Muhammad da Abubakar da Ibrahim, ba wuya a liƙa mana bashin wani mai irin sunanmu.

Yanzu maganar rufewa. Tarar ƙaramar asara ce, babbar tana cikin makinka na FICO, wato makin da bankuna ke auna amincinka wajen biyan bashi da shi. Makin FICO daga 300 zuwa 850 yake, kuma kusan kashi 30 cikin ɗari nasa ya rataya ne a kan yawan bashin da ke kanka, musamman idan aka auna shi da iyakar da aka ba ka. Jiya kana cin kashi 46 na iyakarka, yau ba ka ƙara ko sisi ba ka koma 92, da tayoyin ma ka haura ɗari. Sauran bankunan da kake da katinsu suna ganin wannan, wani ma ya tsorata ya rage nasa. In ka rufe katin, bashin na nan, kuɗin ruwa na nan, sararin ne kawai ya tafi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya cece ni shi ne gane ranar da ake rufe lissafin wata, wadda ta sha bamban da ranar biya. Yawancin bankuna adadin ranar rufewar suke kai wa kamfanonin rahoto. Duk abin da ka samu, zuba shi kwana biyu ko uku kafin wannan ranar. Fara da dala 100 ɗin da ka haura, yau in da hali, ka ɗan ƙara don kuɗin ruwa kada ya sake tura ka. Abin daɗin shi ne wannan ɓangaren makin ba ya riƙo, da bashin ya sauka yakan farfaɗo cikin wata ɗaya ko biyu. Makara ce take daɗewa, wadda ta kai kwana 30 tana iya zama a rahotonka shekara bakwai, don haka ko mafi ƙarancin biya ne kada ya wuce ka.

Har ka samu sarari, kada ka ba da wannan katin a otal ko wurin hayar mota, kada kuma ka sa shi a famfon gidan mai. Sukan riƙe wani adadi fiye da abin da za ka kashe na 'yan kwanaki, kai kuma ba ka da wurin.

Na san wani zai shigo ya ce ai tun farko riba ce, me ya kai ka. Ban ƙi ba, malamai ma sun yi magana a kai, kowa ya tambayi nasa. Ni dai tun da na fita daga wancan ramin, ba na barin ko dala ɗaya ta kwana zuwa wata na gaba, ina biya duka tun kuɗin ruwa bai hau ba. Amma yaron nan ya riga ya shiga, a fara fito da shi tukuna.

Bayan wata shida kana biya a kan kari, kana iya neman su mayar maka da iyakar. Kafin su taɓa komai ka tambaye su ko za su yi binciken da ke taɓa maki, in eh ne ka dakata. In ka samo sanarwar, rufe sunanka da lambar katin ka turo mana ranar da ke jikinta da ranar tarar, mu ƙirga kwanakin tare.