Tambaya da Amsa: Taswirar Masassarar Cizon Sauro

Tambaya: Na ga taswirar duniya an shafa wa Nijar ja saboda masassarar cizon sauro. Wa ya ƙirga mu? Daga wani mai karatu a Maradi.

Amsa: Malam, ba gida-gida ake bi ba. Hanya biyu ake haɗawa. Akwai rajistar asibitoci, wadda ake aika wa Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai kuma binciken ƙauyuka: a ɗiga jinin yara a kan abin gwaji, a ga kashi nawa ke ɗauke da ƙwayar cutar, a rubuta inda ƙauyen yake da GPS. Masanan Malaria Atlas Project, wata cibiyar bincike da ke zana taswirar wannan cuta, sukan auna da yara masu shekara 2 zuwa 10, su raba ƙasa a kan taswira zuwa ƙananan yankuna, kowane kilomita 5 a kan 5. Inda ba a je ba, kwamfuta ke ƙiyastawa daga bayanan tauraron ɗan Adam: ruwan sama, zafi, da koren ciyayi.

A 2023, a duniya baki ɗaya, an ƙiyasta kamuwa miliyan 263, mutuwa 597,000, kusan kashi 95 cikin ɗari a Afirka.

Inda ake samun kuskure shi ne wanda ya sayi magani a tebur ya sha a gida. Rajista ba ta san da shi ba. Kuma launi ɗaya na ɓoye bambanci. Bakin tafkin Madarumfa da gulbin Maradi ba ɗaya suke da tudun Dakoro ba, haka watan Satumba ba Afrilu ba ne. Shi ya sa ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi wata-wata da damina.