Me ya kashe lig-lig ɗin makarantun ƙauye a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin wasanni ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo. Ina yawan cin karo da labarin wai a Amurka makarantun ƙauye a da suna da lig nasu na kansu, makarantu takwas ko goma su haɗu suna bugawa duk shekara, amma in ka bi tarihin sai ka ga an ce ya rushe shekara kaza. Wa yake kafa su, kuma me ke rusa su? Rashin kuɗi ne ko yaran ne suka daina son wasa?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, sannu da ƙoƙari. Ba ko ɗaya daga cikin biyun nan ba ne. Yaran ba su daina wasa ba, kuɗi kuma ba shi ne kan gaba ba. Makarantun ne da kansu suka ɓace, aka haɗe su aka mayar da uku ko huɗu suka zama guda, to in babu makarantar wa zai buga lig ɗin? Bari in ɗauki jihar Indiyana in yi maka bayani da ita, don nan ne abin ya fi fitowa fili, kuma ƙwallon kwando a wajensu kamar addini ne.

Da farko ka san cewa ba gwamnati ce ke kafa waɗannan lig ɗin ba. Shugabannin makarantu ne da kocinansu suke zama su ce to mu da ke kusa da juna kuma girmanmu ɗaya, mu tsara jadawali, kowa ya je gidan kowa, ƙarshen kaka a ba wanda ya fi cin wasa kofi. A saman su akwai ƙungiyar wasannin sakandare ta jiha, ta Indiyana ita ce IHSAA wadda aka kafa a 1903, ita ke sa dokar shekarun ɗan wasa da wanda ya cancanta ya buga, ita kuma ke shirya babbar gasar jiha wadda aka fara a 1911, garin Crawfordsville ya ɗauki kofin farko. Amma wasan kullum na daren Juma'a na lig ne, na maƙwabta.

Abin da ke yanke iyakar lig a lokacin hanya ce. Indiyana na da ƙananan hukumomi 92, a ƙarƙashinsu akwai gundumomi wajen 1,000, kuma a da kusan kowace gunduma mai ɗan ƙarfi tana da sakandarenta, wata ɗalibanta duka-duka ba su kai 100 ba. Hanyoyin ba kwalta, lokacin wasan kuma hunturu ne ga dusar ƙanƙara, ba wanda zai kwashi yara cikin tsohuwar mota ya yi tafiyar awa uku da daddare ya dawo, alhali da asuba akwai shanun da za a tatsa. Shi ya sa yawancin lig ɗin ba sa wuce ƙaramar hukuma ɗaya, sunanta ma suke ɗauka.

Za ka ce me ya sa kwando? Mutum biyar kawai ake buƙata a fili. Makarantar da ke da yara maza 30 za ta iya fitar da tim, ƙwallo ɗaya da kwando biyu sun isa, ana yi a cikin ɗaki, kuma kakar wasan tana faɗowa ne daidai tsakanin girbin masara da shuka, lokacin da manomi ba shi da aikin gona sosai. Ƙwallon ƙafa irin tasu ta Amurka mutum 11 take ci kowane gefe ga kayan kariya masu tsada, ƙananan makarantu ba sa iyawa. Wannan matsalar ce ma ta sa wani malami mai suna Stephen Epler a garin Chester na jihar Nebraska ya ƙirƙiro ta mutum shida-shida a 1934, har yau ana buga ta a ƙauyukan Texas da Montana da Nebraska ɗin.

To mu zo ƙaramar hukumar Ripley da ke kudu maso gabashin Indiyana. Farkon shekarun 1950 akwai sakandare a Batesville, Milan, Versailles, Osgood, Napoleon, Sunman, Holton, Cross Plains da New Marion. Duk waɗannan suna karawa da juna cikin hunturu, sannan a yi gasar ƙaramar hukuma, sannan a sake haɗuwa a zagayen farko na gasar jiha. Wato shekara guda kana iya haɗuwa da maƙwabcinka sau uku ko huɗu, kaga dole gaba ta yi kauri, irin wadda uba ke gadar wa ɗansa.

Daga cikin waɗannan ne Milan ta fito, kuma labarinta shi ya sa duniya ta san irin waɗannan makarantun. Ɗalibanta 161 ne kacal a 1954, kocinsu Marvin Wood yaro ne ɗan shekara 26. A lokacin gasar Indiyana ba a raba manya da ƙanana, makarantu sama da 750 duk tukunya ɗaya ake zuba su, wanda aka ci ya koma gida. Milan ta fara da share maƙwabtanta Cross Plains da Versailles da Osgood, ta ci gaba har ta doke Crispus Attucks ta birnin Indianapolis wadda Oscar Robertson ke cikinta yana ƙaramin yaro, shi da ya zo ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan NBA, babban lig ɗin ƙwararrun 'yan kwando na Amurka. A wasan ƙarshe, ranar 20 ga Maris 1954 a filin jami'ar Butler, suka haɗu da Muncie Central mai ɗalibai sun ninka nasu wajen sau goma. Lokacin babu agogon da ke tilasta maka jefa ƙwallo, sai Bobby Plump na Milan ya riƙe ƙwallo ya tsaya cak sama da minti huɗu a zangon ƙarshe yana cinye lokaci, saura 'yan daƙiƙu a tashi ya jefa ta shiga, aka tashi 32 da 30. Washegari an ƙiyasta mutum wajen 40,000 suka cika garin Milan da mazaunansa ba su fi 1,000 da 'yan kai ba. Fim ɗin Hoosiers na 1986 daga wannan labarin aka ɗauko shi, ko da yake sun canza sunan garin da abubuwa da yawa.

Abin da mutane ba sa lura da shi, lokacin da ake wannan murnar ƙasar ta riga ta fara zamewa a ƙarƙashin ƙauyukan. Tarakta ta shigo, gonar da a da sai iyali biyar yanzu mutum ɗaya da ɗansa sun ishe ta, matasa suka nufi birni aikin masana'anta. A 1940 kusan kashi 23 cikin 100 na Amurkawa a gona suke zaune, zuwa 1970 ba su kai kashi 5 ba. Ga kwalta ta iso, ga bas ɗin makaranta, hujjar cewa dole kowane ƙauye ya riƙe sakandarensa don yaro ba zai iya zuwa nesa ba sai ta mutu.

Sai kuma 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, hankalin Amurkawa ya tashi wai an bar su a baya a kimiyya. James Conant, tsohon shugaban jami'ar Harvard, ya fitar da rahoto a 1959 yana cewa sakandaren da ba ta yaye aƙalla ɗalibai 100 a shekara ba za ta iya koyar da kimiyya da lissafi da harsuna yadda ya kamata ba. A wannan shekarar dai majalisar Indiyana ta yi dokar sake fasalin makarantu, aka ce kowace ƙaramar hukuma ta kafa kwamiti ta kawo tsarin haɗewa. Ba Indiyana kaɗai ba, a Amurka gaba ɗaya hukumomin makarantu sun kai wajen 127,000 a farkon shekarun 1930, zuwa 1970 sun dawo wajen 18,000.

A Ripley ga yadda ta kaya. Versailles da Holton da Cross Plains da New Marion yau duk yaransu South Ripley suke zuwa. Ɓangaren Osgood da Napoleon ya zama Jac-Cen-Del, sunan ma daga farkon sunayen gundumomi uku aka yanko shi, Jackson da Center da Delaware, kuma irin wannan suna za ka gan shi ko'ina a jihar don ba garin da zai yarda a sa wa sabuwar makaranta sunan abokin gabarsa. Sunman ta tafi ta haɗe da 'yan ƙaramar hukumar Dearborn. Tara ta koma huɗu. Lig kuwa ba ya tsayuwa da tim huɗu, balle ma huɗun girmansu ba ɗaya ba, don haka kowa ya nemi inda zai shiga. Batesville da ta fi girma tana buga lig da manyan makarantun yankin, Milan da South Ripley da Jac-Cen-Del suna cikin na kwarin kogin Ohio tare da makarantun wasu ƙananan hukumomin. Haka lig na ƙauye ke mutuwa, ba rigima ba sanarwa, bana tim tara, baɗi bakwai, bayan shekara uku saura huɗu sai a rufe littafi.

Faɗan da aka sha a wajen haɗewar nan fa ba kan darasi aka yi shi ba, yawanci kan tim ne. Wane gari za a gina makarantar, wane launin riga za a sa, kofunan da muka tara ina za a kai su. Wasu suna ganin wannan shirme ne, ni ban gan shi haka ba Malam. Ƙauyen da aka rufe wa sakandare ya rasa wurin da kowa ke haɗuwa daren Juma'a, mai shago da mai gidan abinci sun rasa ciniki, iyali mai ƙananan yara kuma ba zai zo ya zauna ba. Sannan ka yi lissafi a matsayinka na malamin wasanni, makarantu tara kowace da 'yan wasa goma yara 90 ke nan suke sa riga, in suka koma huɗu saura 40, sauran 50 ɗin sun koma 'yan kallo. Amma in za a faɗi gaskiya makarantar da malami ɗaya ke koyar da lissafi da tarihi shi ne kuma koci, ba ɗakin gwaje-gwaje, ita ma tana cutar yaran. 'Yan mata ma sai a zamanin manyan makarantun suka samu rabonsu, bayan dokar tarayya ta 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantu, Indiyana ta fara gasar kwando ta 'yan mata a 1976.

Ragowar ƙananan makarantun da ba a haɗe ba kuma sai suka tsinci kansu tsakiyar ƙatta. Tun daga Milan ba a sake samun makaranta mai ƙanƙanta irin tata ta ɗauki kofin ba, shugabanninsu suka yi ta ƙorafi cewa yaransu duk shekara zagayen farko ake koro su. A 1996 IHSAA ta kaɗa ƙuri'a a raba gasar gida huɗu bisa yawan ɗalibai, Bloomington North ce ta ci kofin ƙarshe na tsohon tsari a 1997. Bobby Plump ɗin nan da kansa shi ya jagoranci masu adawa da rabawar, bai yi nasara ba. Yanzu ƙananan makarantu suna ɗaukar kofi a ajinsu, amma 'yan kallo sun ragu sosai in ka kwatanta da 1990, shekarar da mutum sama da 41,000 suka shiga kallon wasan ƙarshe na 'yan sakandare a Indianapolis.

Gasar ƙaramar hukumar Ripley dai ba ta mutu ba, har yanzu makarantu huɗun nan suna haɗuwa su buga ta cikin watan Janairu, maza da mata.